Busasshiyar lalacewar makula: ƙwayoyin AREDS2, allurar cikin ido, ko shiga gwajin sabon magani?

Shekara goma da suka wuce, idan likitan ido ya ce wa dattijo yana da busasshiyar lalacewar makula, zance ya ƙare ke nan: a sha bitamin, a dawo bayan wata shida. Daga 2023 abin ya sauya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da allurai biyu da ake yi a cikin ƙwayar ido, a 2024 ta ba wata na'urar haske izini, ga kuma magunguna da dama da ke matakin gwaji. Yawan zaɓin ya zo da nasa ruɗanin, musamman ga 'ya'yan da ke ƙasashen waje, waɗanda su ne ke biyan kuɗi, su ne kuma ake jira su yanke shawara. Abu guda ya kamata a riƙe tun daga farko: a cikin magungunan da aka amince da su babu wanda ke dawo da ganin da ya riga ya tafi. Gardamar duk a kan rage gudun ciwon take, da kuma abin da za a biya don samun wannan ragin.

Makula ita ce 'yar tsakiyar tantanin gani da ke bayan ido, wadda da ita ake karatu, ake gane fuska, ake zura zare a allura. Da tsufa wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa, da likitoci ke kira durusen, kan taru a ƙarƙashinta. Wannan shi ne matakin farko da na tsakiya. A wasu mutane ƙwayoyin halittar wurin sai su fara mutuwa fili-fili, filin yana faɗaɗa kowace shekara kamar yadda zaizayar ƙasa ke cin gona daga gefe, har ya iso tsakiya. Wannan matakin na ƙarshe shi likitoci ke taƙaitawa da GA. Ganin gefe yakan tsira, shi ya sa za ka ga tsoho yana zuwa masallaci da ƙafarsa amma ya kasa karanta lambar waya. Akwai kuma nau'i mai ruwa, inda sababbin jijiyoyin jini ke tsirowa suna yoyo. Shi yana da nasa alluran da suka daɗe da tabbata, irin su Avastin da Lucentis da Eylea, kuma ba shi ake magana a kai ba a nan.

Ga wanda ke gida Najeriya ko Nijar, akwai tambayar da ta riga duk wannan. Ciwon makula ya fi yawa a Turawa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce ke haddasa kusan kashi 43 cikin 100 na makanta, hawan jinin ido na biye da kusan kashi 17. Dattijon da ganinsa ya dusashe a Kano ko Maraɗi ya fi kusa da waɗannan biyun, kuma yanar ido ana cire ta da tiyata gani ya dawo. Don haka kafin a fara lissafin daloli, sai likitan tantanin ido ya duba, ya ɗauki hoton OCT, wato hoton na'ura mai nuna cikin tantanin ido daki-daki, ya faɗi matakin da ciwon yake da inda filin ya kai. Manyan asibitocin ido, irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, nan ne ya dace a fara.

Ma'aunan da za a auna da su

Na farko, wane mataki aka yi maganin dominsa. Na biyu, wanda a ganina ya fi duka nauyi: me gwaji ya tabbatar, raguwar filin a hoto ko kuwa kare ganin da mutum ke amfani da shi? Waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne Amurka da Turai suka raba gari. Sai haɗari, sai wahalar zirga-zirga da tsawon lokacin da za a ɗauka ana yi, sai kuɗi, sai kuma ko ana samun abin a inda mai ciwon yake zaune.

Ƙwayoyin AREDS2

Wannan ba sabon abu ba ne, amma shi ne ma'aunin da sauran za su tsallake. Cibiyar binciken ido ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon gwajin AREDS a 2001, sannan na AREDS2 a 2013. Haɗin da ake sayarwa yanzu ya ƙunshi bitamin C miligiram 500, bitamin E awo 400, lutein miligiram 10, zeaxanthin miligiram 2, sai zinc da jan ƙarfe. Ga masu matakin tsakiya, haɗin ya rage yiwuwar kaiwa mataki na ƙarshe da kusan kashi 25 cikin 100 a shekara biyar, kuma ragin ya fi fitowa fili a ɓangaren nau'i mai ruwa. Ga wanda idonsa lafiya lau, ko mai 'yan ɗigo kaɗan, ba a ga amfaninsa ba.

A 2024 masu bincike suka sake duba tsofaffin hotunan gwajin, suka ga cewa a idanun da filin GA bai kai tsakiya ba, ƙwayoyin sun rage saurin matsowarsa zuwa tsakiyar da fiye da rabi. Labari ne mai daɗi, sai dai duba ne na bayan fage, ba gwajin da aka tsara don wannan tambayar ba, don haka nauyinsa bai kai na sabon gwaji ba.

Haɗarinsa kaɗan ne. Yawan zinc kan dami cikin wasu. Abin lura shi ne tsohon haɗin na farko yana da beta-carotene, wanda ya ƙara haɗarin kansar huhu ga masu shan taba da waɗanda suka taɓa sha. A karanta kwalin, a tabbata AREDS2 ne. Shi ne mafi arha nesa ba kusa ba, ba ya buƙatar asibiti, ana iya aiko shi daga waje. Alayyahu da sauran ganyaye da gwaiduwar ƙwai suna da lutein, cin su yana da kyau, amma ba su ne aka gwada ba. Barin taba kuwa kyauta ne, kuma taba na ninka haɗarin ciwon aƙalla sau biyu.

Syfovre

Sunan sinadarin pegcetacoplan, na kamfanin Apellis, kuma shi FDA ta fara amincewa da shi, ranar 17 ga Fabrairun 2023. Yana toshe wani furotin na garkuwar jiki mai suna C3, wanda ake ganin yana da hannu wajen kashe ƙwayoyin makula. Ana yin allurar a cikin ido duk kwana 25 zuwa 60.

An gwada shi a gwaje-gwaje biyu, OAKS da DERBY, da mutum 1,258. Bayan shekara biyu, faɗaɗar filin ta ragu da kashi 22 a OAKS da kashi 19 a DERBY ga masu karɓa duk wata. Masu karɓa duk wata biyu suka samu kashi 18 da 16. A sauƙaƙe, filin da zai ƙaru da kamu biyar sai ya ƙaru da huɗu. DERBY ma bai cim ma burinsa na farko ba a wata 12. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, da aka zaunar da mutanen gaban allon haruffa, aka auna saurin karatunsu, waɗanda aka yi wa allurar gaske ba su fi waɗanda aka yi wa ta ƙarya ba, wato waɗanda aka kwaikwayi yi musu allura ba tare da magani ba don kwatance.

A kan wannan ne kwamitin Hukumar Magunguna ta Turai ya ƙi amincewa a Janairun 2024, ya sake ƙi a Yuni, ya kuma tabbatar da ƙin a Satumba. Hujjarsa: filin ya rage gudu, amma ba a nuna mai ciwon ya amfana ba, ga haɗarin soka allura a ido akai-akai. Masu goyon bayan maganin suna da tasu hujjar, wadda ba ta banza ba ce. Sun ce allon haruffa tsakiyar makula kaɗai yake aunawa, ita kuwa tsakiyar takan jima ba ta taɓu ba, saboda haka shekara biyu ta yi kaɗan a ga bambanci. Kuma ci gaban gwajin, mai suna GALE, ya nuna tazarar na ƙaruwa da lokaci. Ostireliya ta amince da maganin a farkon 2025. Ka ga ke nan ƙwararru ne suka duba takardu iri ɗaya suka saɓa.

Haɗari na farko shi ne komawar ciwon nau'i mai ruwa: kashi 12 ga masu karɓa duk wata, kashi 7 ga na duk wata biyu, kashi 3 ga na allurar ƙarya. Wanda hakan ta same shi sai a ƙara masa wata allurar a kan wannan. Na biyu ya bayyana ne bayan an fara sayarwa: a Yulin 2023 ƙungiyar likitocin tantanin ido ta Amurka ta sanar da mambobinta rahotannin kumburin jijiyoyin jinin bayan ido, akasari bayan allurar farko, wanda ya yi wa wasu mummunar illa ga gani. Abu ne mai wuyar faruwa, kusan ɗaya cikin allura 10,000 a ƙiyasin kamfanin, amma ga mai ido ɗaya mai aiki ba ƙaramin abu ba ne.

Farashin da aka sanar a Amurka a 2023 dala 2,190 ne kowace allura. Ido ɗaya, duk wata, dala 26,280 a shekara. Duk wata biyu, dala 13,140. Ban da kuɗin likita da hoto. Kuma babu ranar gamawa.

Izervay

Avacincaptad pegol, wanda Iveric Bio ya ƙirƙira, Astellas na Japan ya saye kamfanin a 2023. FDA ta amince da shi ranar 4 ga Agustan 2023. Shi C5 yake toshewa, can ƙasa da C3 a jerin garkuwar. A gwajin GATHER1 ya rage faɗaɗar filin da kashi 27 a shekara guda, a GATHER2, wanda ya fi girma, kashi 14. Duka biyun idanun da filin bai kai tsakiya ba suka ɗauka. Komawa nau'i mai ruwa ta kai kashi 7 a shekara ta farko, a kan kashi 4 na allurar ƙarya. Da farko izinin na wata 12 ne kawai, a Fabrairun 2025 aka cire iyakar. Astellas ya janye buƙatarsa ta neman izini a Turai a Oktoban 2024. Kuɗin da aka sanar a 2023 dala 2,100 ne kowace allura.

Ba a taɓa kara shi da Syfovre a gwaji guda ba, saboda haka duk wanda ya ɗora 27 a kan 22 ya ce wannan ya fi wancan, lissafin dokin rano yake yi: mutanen daban, tsawon lokacin daban. Bambancin da likitoci suka fi kawowa shi ne batun kumburin jijiyoyi, wanda sunan Syfovre ya fi fitowa a kansa. Shi kuma Syfovre yana da damar tazarar wata biyu a takardar izininsa. Ta fuskar gani kuwa, matsalarsu ɗaya ce.

Na'urar Valeda

Ba magani ba ce, haske ne mai launi uku da ake haska wa ido na 'yan mintoci, babu allura. FDA ta ba ta izini a Nuwamban 2024. Zama tara ne cikin mako uku zuwa biyar, a maimaita duk wata huɗu, wato zama 27 a shekara. A gwajin LIGHTSITE III, bayan wata 13, masu karɓar hasken sun ƙara kusan harafi 5 a allo, 'yan kwatancen kusan 3. Tazarar harafi biyu da ɗan abu ke nan, a gwajin mutum 100 kacal. Haɗarinta kaɗan ne, an kuma fi nufin masu matakin tsakiya da ita. Idan asibiti ya faɗi kuɗin zagaye ɗaya, a ninka shi sau uku kafin a amsa.

Magungunan da ke matakin gwaji

A nan ne ya kamata a zauna sosai, domin a nan ne zuciya ta fi saurin rinjayar hankali. Tarihin fagen cike yake da magungunan da suka yi ƙyalli a mataki na biyu na gwaji suka faɗi a na uku, wato babban gwajin da ake yi kafin a nemi izini. Lampalizumab na Roche an gwada shi a kan mutum 1,881, a 2017 aka ga bai yi komai ba. Novartis ya dakatar da maganin ƙwayar gado GT005 a 2023. Duk da haka akwai waɗanda suka cancanci a bi labarinsu.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne ANX007 na kamfanin Annexon, allurar ido mai toshe C1q, wani furotin na garkuwar jiki. Sakamakonsa kishiyar na Syfovre ne: a gwajin ARCHER bai rage faɗaɗar filin yadda aka nema ba, amma asarar harafi 15 ko fiye ta samu kashi 5.6 na masu karɓa duk wata, a kan kashi 21.3 na allurar ƙarya. Wannan shi ne abin da mai ciwo ke so, gani, ba hoto ba. Sai dai ba shi ne babban burin gwajin ba, shi ya sa aka tsara ARCHER II, na mataki na uku, da asarar gani a matsayin abin aunawa.

Akwai na sha guda biyu. Tinlarebant na Belite Bio yana rage bitamin A da ke isa ido, abin da zai ba mutane da yawa mamaki tunda mun saba jin cewa bitamin A abokin ido ne. Dalilin shi ne dattin da ke taruwa a makula daga ragowarsa yake samuwa. Illarsa ita ce jinkirin sabawa da duhu da ganin abubuwa sun koma rawaya-rawaya. Gwajinsa na GA sunansa PHOENIX. Gildeuretinol na Alkeus kuwa bitamin A ne da aka gyara don kada ya dunƙule ya zama datti. A gwajin SAGA ya rage faɗaɗar filin da kusan kashi 13, amma bai kai mizanin da lissafi zai ce ba dace ba ne. Elamipretide allura ce ta ƙarƙashin fata da mutum ke yi wa kansa kullum. Bai cim ma burinsa a mataki na biyu ba, amma an wuce da shi na uku. Sai masu neman a yi sau ɗaya a huta: JNJ-1887 na Johnson & Johnson, maganin ƙwayar gado da ake sa wa ido ya riƙa ƙera kariyarsa, da OpRegen, dashen ƙwayoyin halitta ta hanyar tiyata. Duka biyun sun kai mataki na biyu na gwaji.

Shiga gwaji na gaskiya ba a biyan kuɗin magani, kuma ana duba ido da kulawar da ba kowa ke samu ba. Abin da ake biya daban ne. Wani kaso na masu shiga allurar ƙarya ko ƙwayar wofi za a ba su, ba kuma za su sani ba. Gwaje-gwaje da yawa ba sa ɗaukar idon da ya riga ya karɓi Syfovre ko Izervay, kuma wanda ya shiga yakan haƙura da su tsawon gwajin, shekara ɗaya ko biyu, alhali filin yana tafiya. Cibiyoyin gwajin kuma akasarinsu a Amurka da Turai da Ostireliya da gabashin Asiya suke.

Sannan akwai masu fakewa da sunan gwaji. A 2017 mujallar New England Journal of Medicine ta kawo labarin mata uku tsofaffi a jihar Fulorida, masu ciwon makula, da kowacce ta biya dala 5,000 aka tsotsi kitsen jikinta aka yi mata allurarsa a ido biyu rana guda, da sunan ƙwayoyin halitta na asali. Dukansu sun yi mummunar asarar gani, ɗaya ta makance gaba ɗaya. Wurin yana da suna a ClinicalTrials.gov, rajistar gwaje-gwaje ta gwamnatin Amurka, domin shiga rajistar ba shaidar amincewa ba ce. Alamu biyu sun isa a gudu: a nemi kuɗi, ko a ce za a yi ido biyu lokaci guda.

| Zaɓi | Wa ya dace | Abin da ya tabbata | Babban haɗari | Zirga-zirga | Kuɗi |
|---|---|---|---|---|---|
| AREDS2 | Matakin tsakiya | Ragin kusan 25% na kaiwa ƙarshe | Kaɗan | Babu, a sha kullum | Mafi arha |
| Syfovre | GA | Ragin fili 16 zuwa 22% a shekara 2 | Nau'i mai ruwa, kumburin jijiyoyi | Duk kwana 25 zuwa 60 | Dala 2,190 kowace allura (2023) |
| Izervay | GA | Ragin fili 14 zuwa 27% a shekara 1 | Nau'i mai ruwa | Duk wata | Dala 2,100 kowace allura (2023) |
| Valeda | Matakin tsakiya | Tazarar harafi 2 da ɗan abu, ƙaramin gwaji | Kaɗan | Zama 27 a shekara | Ya danganta da asibiti |
| Gwajin sabon magani | Wanda ya cika sharuɗɗa | Bai tabbata ba | Illar da ba a gano ba, maganin wofi | Da yawa | Kyauta |

Wa ya dace da wanne

Mai matakin tsakiya, a Kano yake ko a Landan, AREDS2 da barin taba su ne nasa, tare da takardar Amsler mai layukan murabba'i da zai riƙa dubawa da ido ɗaya-ɗaya. Ranar da layukan suka karkace, ko tabo ya fito farat ɗaya, a je asibiti cikin kwanaki, domin alamar nau'i mai ruwa ce, shi kuwa yana da magani idan aka yi sauri. Valeda ƙari ce ga mai hali da ke kusa da na'urar.

Mai GA da filinsa bai kai tsakiya ba, hotuna biyu a jere sun nuna yana gudu, yana zaune a Amurka da inshora, kuma akwai mai kai shi asibiti, shi ne wanda allurar ta fi yi wa ma'ana. Binciken AREDS ya nuna daga ganin filin zuwa isarsa tsakiya kimanin shekara biyu da rabi ne a matsakaici, don haka jinkiri kaɗan ma yana da daraja a wurinsa. Idan ido biyu ne, a tambayi likita a fara da wanda ya fi lalacewa, a ga yadda jiki zai karɓa. Mai gudun yawan zuwa asibiti ya yi maganar Syfovre duk wata biyu. Mai fargabar kumburin jijiyoyi ya yi maganar Izervay.

Wanda ke gida yana tunanin kai Baba waje na mako uku a yi masa allura ɗaya ko biyu a dawo, ban ba shi shawarar hakan ba. Zai ɗauki haɗarin allurar farko cif, ya bar amfanin da sai an shekara ana yi yake taruwa.

Mai zama a Turai, inda allurai biyun ba su da izini, ko mai GA da bai gamsu da ragin hoto ba, shi gwaji ya fi dacewa da shi, musamman na mataki na uku a asibitin koyarwa, bayan ya karanta takardar yarda tare da wani nasa mai jin yaren sosai.

Wanda tsakiyar ganinsa ta riga ta tafi a ido biyu kuwa, allura ba ta da abin da za ta tsare masa sosai. Kuɗin ya fi amfani a gilashin ƙara girman rubutu, fitila mai ƙarfi, waya mai karanta saƙo da murya, da asibitin masu raunin gani. Abin da zai bi labarinsa shi ne PRIMA, wani ɗan guntun lantarki mai faɗin milimita 2 da ake dasawa ƙarƙashin tantanin ido, yana aiki da tabarau mai kyamara. A sakamakon da aka buga a Oktoban 2025, mutum 26 cikin 32 da aka bi tsawon shekara sun samu ƙarin gani mai ma'ana, sai dai tiyata ce, ganin baƙi da fari ne, kuma sai an yi watanni ana koyon amfani da shi.